Baƙanta firam ɗin tagar jif: sitika, fenti ko feshin roba, wanne zai jure ranar nan tamu?

Duk wanda ya ga farar Hilux ko Prado da aka baƙanta mata firam ɗin taga ya san dalilin da yasa mutane ke son abun, gilasan sai su haɗe su zama kaman guda ɗaya tun daga gaba har baya, motar ta yi tsawo a ido, tsohuwar ma sai ta rage shekaru. To amma tambayar da kowa ke yi ita ce "sitika zan saka ko fenti?" kuma ni a ganina ba daga nan ake farawa ba. Ka fara zuwa jikin motarka ka taɓa wajen da hannu, domin abun da muke haɗawa mu kira firam ba abu ɗaya bane.

Akwai ƙarfen ƙofar kanta wanda ya zagaye gilashi ta sama, mai kalar jikin mota, irin wanda zaka gani a Hilux Vigo ta 2004 zuwa 2015 ko Land Cruiser 70 ɗin nan da tun 1984 ake yinta, wadda a Agadez da Zinder ake ce wa kat-kat. Wannan ƙarfe ne da fentin kamfani a kai. Akwai kuma siririn ƙyalli da ke kwance a ƙasan gilashi, wani lokaci ya zagaye tagar gaba ɗaya, irin na manyan gired na Prado 150 da Land Cruiser 200 da su Lexus GX, wannan yawanci sitenles ne ko alminiyom da roba a manne a bayansa, duk da sunan da kowa ke kiransa shine "kurom". Sai ginshiƙin tsakiya da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, wani filastik ne wani kuma ƙarfe ne da kamfani ya manna wa baƙin tef. Eh, kamfani da kansa tef yake mannawa, Toyota na da wannan baƙin tef ɗin a jerin kayan gyaranta da lambarsa, saboda haka wanda ke raina sitika yana cewa aikin 'yan acaba ne ya sani cewa akwai yiwuwar motarsa da ita ta fito daga Japan. Na ƙarshe ita ce robar da gilashi ke gudu a ciki, wannan kam kar kowa ya taɓa ta da komai, ba fenti ba sitika, in ta koɗe a wanke ta a shafa mata man gyaran roba, in ta tsage a canza.

Toh mu fara da sitika tunda ita ce ake ta cece-kuce a kai. Matsalar ita ce kalmar sitika ta haɗa abu biyu da basu da alaƙa sai a kamanni. Akwai wadda masu rubuta allon shago da lambar keke napep ke amfani da ita, wadda a masana'anta ake murza ledar da zafi a tsakanin manyan rola har ta yi faɗi, irin wannan tana "tuna" asalinta, da rana ta dake ta sai ta fara komawa, ta tsuke, gefenta ya ja baya ya bar layin gam mai danƙo, ƙura ta zo ta zauna a kai ya zama wani baƙin zane mai muni a jikin farin fenti. Oracal 651 misali ce mai kyau a ajinta, amma an yi ta ne don allo da wuri mai shafe, ba don lanƙwasar ƙofar mota ba. Sannan akwai wadda aka yi musamman don naɗe mota, ita zuba ta ake yi tana ruwa-ruwa a bar ta ta bushe, shi yasa bata da wannan halin tsukewar sosai, tana bin kwana, kuma gam ɗinta na da wasu ƙananan hanyoyi da iska ke fita ta ciki don kar ta yi kumbura. Su ne irin 3M 2080, Avery Dennison SW900 da Oracal 970. Bambancin kuɗinsu da ta allo ba kaɗan bane, amma aikin firam ba ya cin leda da yawa, faɗin rol ɗin mita 1.52 ne, mita 2 zuwa 3 sun ishi yawancin motoci har da ginshiƙai, in kuwa siririn ƙyallin nan ne kawai ai ko hakan bazaka cinye ba.

Araha bata ado, kuma a wannan harkar jabu ya yi yawa. Mai aiki zai ce maka "oga orijinal ce wallahi" ya nuno maka wani guntun rol, ka juya bayan takardar ka duba, manyan kamfanonin nan suna buga sunansu a takardar baya, in ka ga fara fat ko wani rubutu da baka gane ba to ka san inda aka dosa. Kuma ko ta gaskiyar ce kar ka ɗauki shekarun da aka rubuta a talla ka ɗora wa motar da ke kwana a waje a Sakkwato. 3M na cewa har shekara 8 a wuri mai tsaye, amma su kansu kamfanonin sun kasa duniya gida-gida, ƙasashen zafi da hamada suna rage musu shekarun sosai, kuma duk wurin da ke kallon sama ya fi saurin mutuwa akan wanda ke tsaye. Sa'ar da aka yi, firam ɗin taga kusan a tsaye yake, sai dai saman ƙofa da wannan siririn na ƙasan gilashi da ke ɗan kallon sama, su ne zasu fara koɗewa. A watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 a Maiduguri, baƙin abu a rana yana iya haura digiri 70, wannan ba wasa bane ga gam.

Abun da yasa duk da haka nake fifita sitika mai kyau akan ƙarfen ƙofa mai fentin kamfani shine kasuwa. Kowa ya san yadda ake sayen mota a ƙasar nan, dillali ya zo da mai saye, abun farko buɗe ƙofa, a bi gefen roba da yatsa ana neman alamar feshi, ana ganin ɗan tsinin fenti ko inda maskin tef ya bar layi shikenan, "ai ba fes bodi bace", wato ba fentin kamfani na asali bane a jikinta, kuma duk rantsuwar da zaka yi cewa ado kawai ka yi ba wanda zai yarda, za'a ce motar ta taɓa faɗuwa ne aka gyara ƙofofin. Jif kuwa da ma ana zarginta da kifewa. Sai kaga an zabge maka kuɗin da ya ninka abun da ka kashe a fentin sau da yawa. Sitika kuwa ranar da zaka sayar sai a ɗumama ta a ɓare, fentin kamfani na nan a ƙasa, wani lokaci ma ya fi sauran jikin ƙyalli tunda rana bata taɓa shi ba. Sharaɗin dai kar ka bar ta ta mutu a jiki, in ka ga ta fara tsatstsagewa ko ta yi fari-fari to a cire da wuri, don in ta ƙone a wajen gutsi-gutsi take fita kuma gam ɗin sai an sha wahala. Sannan in ƙofar an taɓa yi mata fenti a gareji, musamman irin fentin da ba'a goge ƙasa da kyau ba, sitikar na iya tahowa da fentin lokacin cirewa, wannan ma a sani tun farko.

Rabin ingancin sitika a hannun mai sakawa yake. Wanki da sabulu bai isa ba, sai an bi wajen da sifirit an cire duk wani maiƙo, musamman ƙarƙashin leɓen roba inda ƙurar shekara da shekaru ke maƙale, ga kuma man ƙyallin da yaran wankin mota ke shafawa ko'ina. In ba'a cire wannan ba gefen zai ɗaga cikin sati biyu. Sai yanka, nan ne ake ɓarna, mai aiki ya ɗauki reza ya bi jikin motar yana yankan leda, ya tsaga fentin ƙasa ko ya yanki robar gilashi, kai baka gani sai ranar da aka ɓare ka ga layi kaman an ja da ƙusa, in damina ta shiga wajen tsatsa ta fara. Akwai wani siririn tef mai zare a ciki da ake shimfiɗawa kafin a ɗora ledar, in an gama sai a ja zaren ya yanke ta daga ƙasa ba tare da reza ta taɓa mota ba, ka tambayi mai aikin ko yana da shi, amsar da zai baka ta isa ta nuna maka ko ya san sana'ar. Bayan an manna kuma dole a bi kwanoni da bakin gefe da hit gan, wato na'urar hura iska mai zafi, har wajen ya kai kusan digiri 90, wannan ne ke kashe mata halin komawa, da yawa basa yi saboda sauri ko babu wuta ko ana tsoron man janareta. Kuma a cusa gefen ledar ƙarƙashin roba, kar a yanke ta daidai bakin ƙarfe. Wani kuskuren shine sakawa a tsakar rana ƙarfe na ƙuna, gam ɗin na kamawa nan take kafin a daidaita, ledar ta yi laushi ta miƙe fiye da kima. Inuwa ake nema, in son samu ne ɗaki a rufe, musamman lokacin hunturu da iska ke ɗauke da ƙura, don ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin baƙar leda daga nesa ake hango ta.

Fenti kuma fa? Gaskiya in aka yi shi yadda ya kamata babu abun da ya kai shi daɗewa, ba gefen da zai ɗaga, ba ruwansa da matsin ruwan wajen wanki, ƙaya da reshe in sun goge shi a hanyar daji ba zai yage ba sai dai ya ƙarzu. Wanda motarsa ta aiki ce, mai shiga ƙauyuka, mai bin hanyar gona, wanda ya san motar nan sai dai ta tsufa a hannunsa, ko kuma wadda da ma an riga an yi mata fenti zagaye babu wani fes bodi da ake karewa, to fenti ya fi masa. Haka in akwai tsatsa. Motocin da suka zauna a arewa basu cika tsatsa ba saboda bushewar iska, amma wadda ta shigo daga ƙasashen da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, ko ta yi shekaru a Legas ko Fatakwal, ka ɗaga robar saman ƙofa ka leƙa. In ka ga kumburi a fentin to ɗora sitika a kai rufe ciwo ne kawai, tsatsar zata cigaba da ci a ƙasa. Wannan sai fanal bita ya kankare har ƙarfe ya fito fari, a sa faraima, sannan fenti.

Amma "yadda ya kamata" ɗin nan shine wuyar. Akan ƙarfen ƙofa mai fenti abun da sauƙi, a goge da sanfefa mai laushi, a rufe ko'ina, a fesa. Akan ƙyallin nan ne ake shan kunya, domin fenti baya kama wuri mai santsi, dole a ci ƙyallin da sanfefa kaman lamba 320 ko 400 har ya dushe gaba ɗaya babu inda ke sheƙi, a sa faraimar da ke cin ƙarfe ta kama, sannan baƙin. Mai fentin da ya ce maka "ba sai an goge ba oga, wannan fentin yana kamawa", ka ɗauki makullinka ka tafi, wata uku baya yi zai fara ɓarewa daga inda gilashi ke gogarsa, yana fita kaman ɓawon dafaffen rogo. Kuma ka tuna da zarar sanfefa ta hau ƙyallin nan babu komawa, ka rabu da shi kenan har abada sai dai ka sayi sabo. In filastik ne ginshiƙin shima akwai nasa ruwan da ake fara fesawa don fenti ya kama.

Irin fentin ma magana ce. Gwangwanin feshi na kasuwa da ake yi wa ƙofar gida da salansar babur, ranar farko baƙi wuluk, bayan rani ɗaya ya koma toka-toka, fetur ko tina in sun ɗiga a kai narkewa yake. Wanda ke tsayawa shine mai haɗi biyu da ake zuba wa hadna, wanda masu fenti ke cewa tu-ke, shi in ya bushe ya bushe. Sai dai tururinsa guba ne na gaske, yana lalata huhu, ba abun da mutum zai fesa a tsakar gida yara na wasa bane, kuma abun tausayi sau da yawa zaka ga yaron gareji na fesa shi da tsumma kawai a hanci ko ba komai ma. In da hali a kai wajen masu oben, ba don zafin kawai ba, don ɗakin a rufe yake ƙura bata sauka. Fenti a fili ƙarƙashin bishiya a watan Disamba, baƙi kuma, ai sai dai ka yi haƙuri da abun da ka gani. Ga kuma ruwan da ke taruwa a tankin kwamfireso in ba'a zubar ba, yana biyo iska ya ɓata aikin da ƙananan ramuka.

Wani abu da mai fenti ba zai faɗa maka ba sai ka tambaya shine, zai cire robobin da siraran ƙarafan ne ko rufewa kawai zai yi? In rufewa ne, fenti zai hau leɓen roba ya bushe ya farfashe, kuma layin zai nuna. In cirewa ne aikin ya fi kyau nesa ba kusa ba, amma siririn nan na ƙasan gilashi da kilif yake riƙe kuma ko kaɗan baya son a lanƙwasa shi, in yaro ya sa sukudireba ya ɗaga shi da ƙarfi ya karye masa baya to ba zai ƙara kwanciya daidai ba, ƙura da ruwan sama su riƙa shiga cikin ƙofa, injin gilashi ya fara nauyi, yashi ya riƙa zana gilashin duk lokacin da ka sauke. A tsohuwar mota kilif ɗin sun bushe, ka sa a ranka wasu zasu karye, ka nemi sababbi tun kafin a fara. Sannan ƙyallin da ke zagaye da ƙaramin gilashin baya a motoci da yawa tare da gilashin yake, baya fita sai an cire gilashin gaba ɗaya, wanda kuma cire shi wata rigima ce ta daban. Wannan kaɗai ya isa yasa mai Prado ko GX ya karkata ga sitika, tunda ita a inda abun yake ake manna ta.

Sai feshin roba, wanda aka fi sani da Plasti Dip, na wani kamfani a jihar Minnesota ta Amurka. A bidiyo abun burgewa ne, ka fesa, ya bushe ya zama baƙar roba, in ka gaji ka ja ya ɓare. Ba ƙarya bane amma sai ka yi masa hawa 5 ko 6 masu kauri kafin ya ɓaru a haɗe, in ka yi masa hawa biyu don tsimin gwangwani to ranar cirewa da farce zaka yi ta ƙanƙara. Fuskarsa tana da ɗan kaushi, ƙura na son sa, a hanyar jar ƙasa cikin kwana kaɗan zai koma ruwan ƙasa-ƙasa kuma wanki baya mayar da shi yadda yake, fetur na narkar da shi, sannan daidai inda direba ke ɗora gwiwar hannu a taga nan zai fara naɗewa. Ni dai amfaninsa ɗaya nake gani, wanda bai tabbatar ko baƙin zai yi wa motarsa kyau ba ya gwada na wata biyu ya gani. Ga kuma gwangwanaye masu kwaikwayonsa da ko shekara basa yi.

Akwai masu kawo maganar fentin nan mai kaman hoda da ake gasawa, irin wanda ake yi wa rim da bamfa na ƙarfe. Yana da ƙarfi sosai amma gashin na kaiwa digiri 180 zuwa 200, siririn taga kuwa da roba da wani gashi-gashi a manne a bayansa, duk zasu narke, ƙofa kuma ba wanda zai kwance ta ya sa a oben don firam. A bar shi wa kariyar ɗora kaya ta saman mota da matakala.

Hanyar da mutane ke mantawa da ita, kuma wani lokaci ita ce mafi tsabta, ita ce canza kayan kawai. Motoci da yawa ƙaramin gired ɗinsu da baƙin siriri yake zuwa maimakon mai ƙyalli, kuma ƙofar ɗaya ce, saboda haka na ƙaramin na iya hawa babban. In ka samu haka ka huta, baƙin kamfani ne ba ɓarewa ba ɗagawa, ka naɗe naka mai ƙyallin ka ajiye don ranar sayarwa. A nema a Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja, ko a yi oda daga Ladipo a Legas ko Dubai, amma a je da lambar shasi, kar a saya da ido, domin shekara ɗaya tsakani na iya canza tsayin abu ko wajen kilif. Na Beljiyam kuma a duba robar bayansa, in ta bushe ta tsage baka yi komai ba. Illa dai wannan dabarar bata taimaki mai Hilux ko Land Cruiser 79 da firam ɗinsa jikin ƙofa ne ba, shi dai ko leda ko fenti.

Ko wacce hanya ka bi akwai zaɓin da yafi damun mutane daga baya, wato irin baƙin. Mai sheƙi sosai yana haɗewa da gilashi ya yi kyau a hoto, amma a garin da ƙura ke sauka kullum kuma maigadi ko yaron gida ke goge mota da busasshen tsumma da safe, sati ɗaya ya isa ya cika da ƙananan zane da kake gani in rana ta haska. Wanda ba ya sheƙi sam shi kuma yana riƙe shatin yatsa da maiƙo, ba'a iya yi masa folish, in an goga masa sai wajen ya yi ƙyalli shi kaɗai ya zama tabo. Na tsakiyar, mai ɗan sheƙi kaɗan da ake ce wa satin, shi ya fi kama da abun da kamfani ke sakawa kuma shi ya fi ɓoye laifi, ya kuma dace da kalar robar da ke gefensa, in ni ne shi zan ɗauka ko a leda ko a fenti. Masu zanen kabon faiba kuwa, kowa da son ransa, amma a jikin Land Cruiser ni dai bai taɓa yi min ba, kuma ramukan zanen matattarar ƙura ne.

Kalar motar ma tana da ta cewa. A fara da silba da ruwan ƙasa irin na yashi baƙin firam na fitowa sosai. A baƙar mota ko shuɗi mai duhu, in ka kashe ƙyallin wani lokaci motar sai ta yi dunƙulum babu abun da ke fito da siffarta, akwai wanda hakan yake so, akwai wanda bayan an gama zai ce a mayar masa. Kafin ka kashe ko sisi ka sayi baƙin tef na masu wayarin, ka manna a ƙofa ɗaya, ka ja baya ka kalla da safe da yamma, amma ka cire a ranar don gam ɗinsa na narkewa a rana ya yi kaca-kaca. Kuma mai son tuƙi da hannu a taga ya sani baƙin ƙarfe a rana ƙuna yake ba kaɗan ba.

Dan Allah kuma kar a haɗa wannan da tintet. Dokar 1991 da 'yan sanda ke riƙewa akan gilashi mai duhu take magana, ba akan ƙarfen da ke zagaye da shi ba, kuma baƙin firam baya canza kalar motar da ke rubuce a takarda. Sai dai a ido yana sa gilashin ya ƙara duhu, musamman gilasan baya da da ma kamfani ya yi su da ɗan duhu, to mai yawan bin hanyar Kano zuwa Abuja ya shirya wa ƙarin tsayarwa da "oga ina famit", ka sauke gilashi tun kafin ka iso shingen ka rage wa kanka dogon bayani.

Ranar karɓar mota kar ka tsaya daga nesa kana cewa ma sha Allah. Buɗe ƙofofin duka huɗun ka dubi inda ledar ta naɗe ta ciki, ka bi gefe da farce a hankali ka ji ko akwai inda ya ɗaga, ka duba kwanar sama ta ƙofa don nan ne ake ja da yawa har kalar ta yi haske, ka ɗaga gilashi ka sauke sau biyu uku ka ji ko yana kama wani abu. In fenti ne ka duba gilashi da rufin mota ko feshi ya sauka a kai, ka shafa zaka ji kaushi. Kar a wanke ta sai bayan kwana biyu uku in leda ce, fenti kuma a bashi sati kafin sabulu mai ƙarfi ya taɓa shi. Kuma ka ja kunnen mai wankin motarka da bakinka, kar ya kafa bakin injin ruwan nan a gefen ledar, ya ja baya kaman taku ɗaya, kar ya sa omo mai yawa ya bar shi ya bushe a rana, don irin wannan sabulun ne da ma ke sa alminiyom ɗin taga ya yi fari-fari tun farko, sannan fetur ko kananzir da suke goge kwalta da shi kar ya kusanci firam ɗin.